Tsohon Onarabul ɗinmu na son dawowa: mu bi shi ko mu bar shi?

Abu Khadija: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman izinin admin, maganata za ta ɗan yi tsawo. Daren jiya bayan isha'i tsohon ɗan majalisarmu na jiha ya kira ni gidansa na nan Katsina, ya shaida mini yana da niyyar sake neman kujerar a 2027, kuma yana son in ji masa bakin mutanen gida kafin ya fito fili. Ba zan kama suna ba, duk wanda ke zauren nan ya san wanda nake nufi. Kuma ba zan ɓoye muku ba, shekara takwas ina tare da shi, ni ne mai riƙe littafin ƙofar gida.

Ga waɗanda suke yara a lokacin: malamin firamare ne, ya yi kansila zango ɗaya, ya shiga majalisa a 2015, ya koma a 2019, sannan aka kayar da shi a zaɓen fid da gwani na 2022. Ranar da aka fara rantsar da shi, motar da ya je da ita aro ce.

Abin da nake so ku gani shi ne ƙofar gidan nan. Kafin a sallame asuba an shimfiɗa tabarmi a gindin bedi. Kowa da takardarsa a ninke cikin leda: wannan ta magani ce, wancan ta kuɗin jarrabawa, wani matarsa ke kwance za a yi mata aiki, wani ragon suna, wani kuɗin mota kawai yake nema ya koma ƙauye. Ni ke rubuta suna da gari da buƙata. Wata tsohuwa ta taɓa kwance gefen zanenta ta fito da takardar likita da zufa ta jiƙa har rubutun ya narke, sai da na kai wa mai kemis ya yi ta hasashe. Littattafai sun cika sun ƙare a hannuna, kuma wallahi a duk shafukan nan babu layi ɗaya da wani ya zo ya ce, Onarabul, nawa aka sa wa ƙaramar hukumarmu a kasafin bana? Ko ya ce wace doka kuka yi?

Jiya da na je, ni da mai gadi ne kaɗai a ƙofar. Shi ne nake tambaya, da wane ma'auni za mu auna shi?

Kwamared Bishir: Wa alaikumus salam. Yaya Abu, ina girmama ka, amma ma'auni ai a bayyane yake. Shekara takwas. Hanyar da ta tashi daga bakin titi zuwa garinmu yadda ya same ta haka ya bar ta, da damina sai an sauke buhuna an tura mota. Ya sayi gida a GRA, ya ƙara aure, ya je Umara ba adadi. Wanda bai yi rawa da kiɗa na tashi ba, yanzu da makaɗa suka watse zai ce a ba shi fili?

Auwal Mai Waya: Kwamared ya gama magana. Sabon jini muke so.

Barista Nura: Kwamared, ka ba ni dama in raba maka abu biyu da ka haɗa. Gida da aure da Umara, wannan tambaya ce mai kyau, kuma shi ya kamata ya amsa ta da bakinsa. Amma hanya ba ɗan majalisa ke yin ta ba. Ba shi da ma'aikata, ba shi da injiniya, ba ya ba da kwangila. Tsarin mulkin 1999 ya ɗora masa abu uku ne: yin doka, amincewa da kasafin kuɗi, da bin diddigin yadda aka kashe kuɗin. Sashe na 120 da 121 sun ce gwamna ba zai taɓa asusun jiha ba sai majalisa ta sahale. Sashe na 128 da 129 sun ba majalisa ikon bincike, ta kira kwamishina ko babban sakatare ko ɗan kwangila ya zo ya yi bayani, in ya ƙi a sa a kawo shi. Ko kwamishinan ma, sashe na 192 ya ce sai majalisa ta tantance shi kafin ya hau kujera. Rahoton odita janar na jiha, a gaban majalisa ake ajiye shi.

To tambayar da za ka yi masa game da hanyarku ita ce: ka sa ta cikin kasafi? In ka sa, an saki kuɗin? In ba a saki ba, ka tashi a zaure ka faɗa? In an saki ba a yi ba, wa ka kira? Nan ne za ka kama shi ko ka wanke shi.

Kwamared Bishir: Barista, da yana yawon kamfe bai karanta mana sashe na 120 ba. A kan mota ya tsaya da lasifika a bakin kasuwa ya ce in Allah ya ba shi zai yi hanyar nan. Ina wurin, ni na riƙe masa janareta.

Barista Nura: To wannan laifinsa ne, ban musa ba. Ya yi alkawarin abin da ba a hannunsa yake ba. Amma ka tambayi kanka, da ya hau motar nan ya ce zan karanta kasafi layi-layi in bi rahoton odita, mutum nawa za su tsaya su saurare shi?

Maman Walida: Ni dai ku yi haƙuri, ban san sashe ba. Abin da na sani, shekarar da maigidana ya rasu, 'yata ta biyu tana ajin ƙarshe, ba ni da kuɗin NECO. Na je ƙofar nan da Malam Abu ke faɗa, sau uku ina zuwa. Ranar ta uku ya fito zai shiga mota ya gan ni, ya ce Hajiya ba ke ce matar wane ba? Ya biya, bai ce in kawo katin zaɓe ba, bai sa an ɗauke ni hoto ba. Yarinyar nan yau malamar jinya ce. Duk wanda zai zage shi ya zaga, ni bakina ba zai iya ba.

Malama Hadiza: Allah ya jiƙan maigida, Hajiya, kuma Allah ya saka masa. Amma ki dubi abin ta nan: ke kin samu domin ya san mijinki. Matar da ke bayanki a layi, wadda bai san mijinta ba fa? Abin da ɗan majalisa zai yi da zai kai ga ku duka biyun shi ne ya tsaya a sa kuɗin jarrabawar ɗalibai cikin kasafi, kuma a biya a kan lokaci kada a riƙe sakamakon yara. Wannan ba ya buƙatar kowa ta yi sammako ta zauna gindin bedi.

Maman Walida: Gaskiya ne 'yata. Amma kafin kasafin ya iso, da an rufe rajista.

Baba Lawal Hedimasta: Salamu alaikum. Jikana ne ke rubuta mini, ni nike faɗa. Na koyar da wanda kuke magana a kai, na kuma yi aiki da shi makaranta ɗaya, don haka ba zan yanke masa hukunci a bainar jama'a ba. Amma ku yara da kuke ganin majalisar jiha ba komi ba ce, ku zo in ba ku labari.

Kafin a ƙirƙiro jihar Katsina ranar 23 ga Satumba 1987, mu 'yan jihar Kaduna ne. A 1979 Alhaji Balarabe Musa na PRP ya ci gwamna, ya kayar da Alhaji Lawal Kaita na NPN. Amma majalisa NPN ke da rinjaye, kuma kakakinta ɗan ƙasar Katsina ne, Mamman Abubakar Ɗanmusa. Gwamna ya yi ta aika sunayen kwamishinoni suna maido masa, har ya yi mulkinsa babu kwamishinoni. A watan Yunin 1981 suka tsige shi, shi ne gwamnan farko da aka taɓa tsigewa a Najeriya. Mataimakinsa Abba Musa Rimi ya hau. Ni ɗan PRP ne, ranar nan ban ci abinci ba, kuma har gobe ina ganin zalunci aka yi. Amma abin da nike son ku fahimta, kujerar nan da kuke ɗauka ta rabon taliya ce, kujera ce mai iya sauke gwamna. Ƙarfin yana nan cikin littafi, ba a goge shi ba. Masu zama kanta ne suka canza, mu masu aika su ma muka canza.

A zamaninmu, mutum zai sayar da kaza ya ba jam'iyya gudummawa. Yanzu ɗan takara ke sayar da gona ya ba mutane. Wanda ya sayar da gona ya shiga majalisa, mi kuke zaton zai fara nema in ya zauna?

Ɗan Daura: Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Ni baƙo ne a zancen mazaɓarku, aure ne ya haɗa ni da garinku, amma ku bar ni in sa baki. Mu a Daura ɗan majalisarmu, Nasir Yahaya Daura, shi ne ya zama kakaki a 2023. Kafin shi Tasi'u Musa Maigari na Zango ya yi, can baya kuma Ya'u Umar Gwajo-Gwajo na Mai'aduwa ya riƙe a zamanin gwamna Ibrahim Shema. Wato shiyyarmu ta san kujerar nan sosai. Abin da na lura, ko a wurinmu mutane ba sa bambanta aikin majalisar jiha da na tarayya. Foliteknik ta tarayya da jami'ar sufuri da ke Daura ayyukan gwamnatin tarayya ne na zamanin marigayi Buhari, amma za ka ji ana auna ɗan majalisar jiha da su, ana cewa kai me ka kawo? Mutumin da ke cikin mutum 34, kowa na jan bargon zuwa ƙaramar hukumarsa.

Auwal Mai Waya: To in ba zai iya kawo komai ba, me ya sa ake kashe-kashe a kan kujerar?

Ɗan Daura: Ban ce ba zai iya ba, ƙanena. Cewa na yi hanyar kawowar ita ce matsalar. In kana son a sa maka aji shida ko bohol ko taransifoma, sai ka bi kwamishina, sai ka bi gidan gwamnati, sai ka zama ɗan lele. Ranar da ka ɗaga murya a zaure, fayil ɗin garinku ya koma ƙasan tebur. Mu kuma a gida muna jiran bohol. To ka ga mu da kanmu muke tura shi ya zama ɗan amshin shata, sannan mu dawo mu zage shi da sunan.

Kwamared Bishir: Wannan uzuri ne kawai. Ai sun iya haɗa kai in abin ya shafe su. A 2017 ba su tsige kakakinsu Aliyu Sabi'u Muduru suka ɗora Abubakar Yahaya Kusada ba? In za su iya tara hannu su canza shugabansu, za su iya tara hannu su kira ɗan kwangila.

Abu Khadija: Kwamared, tunda ka kawo zancen ɗan kwangila, bari in faɗi abin da na so in bari sai shi ya faɗa da kansa.

A zangonsa na biyu, kwamitin da yake ciki ya fita duba ayyuka. Ni na bi su a motar baya. A takardar da aka ba su, akwai ƙaramin asibiti a wani ƙauye na mazaɓarmu, an rubuta an kammala. Muka sauka daga titi muka bi burji, muka bar burji muka bi turbar amalanke. Da muka isa, gini ya tsaya a linta. Babu rufi, babu ƙofa, ciyawa ta kai gwiwa a ɗakin da aka ce na haihuwa ne, awaki na kwance a inuwar bango. Allon aikin ne kaɗai sabo. Mai garin ya fito da sandarsa, bai ce komai ba, sai ya kama hannun Onarabul ya zagaya da shi bayan ginin ya nuna masa maƙabarta, ya ce waɗannan biyun na gefe mata ne, a kan amalanke suka cika ana neman titi da su. Na ga Onarabul ya cire hula ya riƙe a hannu, har muka dawo Katsina bai yi magana ba.

Mako na gaba ya tashi a zaure ya kawo maganar a matsayin batun gaggawa. Aka miƙa wa kwamiti. Daren ranar wayarsa ba ta huta ba. Ashe mai kwangilar ƙanin wani babba ne a jam'iyya a ƙaramar hukumarmu, mutumin da rabin shugabannin mazaɓu ke cin abinci a gidansa. Daga ranar nan aka daina gayyatarsa taron masu ruwa da tsaki. Wata takwas ko tara kafin fid da gwani, ni na san an gama da shi.

Shi ya sa abin ke yi mini ciwo. Shekara takwas yana rabon kuɗin magani ana yi masa kirari. Rana ɗaya da ya yi aikin da aka zaɓe shi dominsa, ita ta ci kujerarsa, kuma cikin masu zama gindin bedi babu wanda ya taka ya ce muna bayanka.

Kwamared Bishir: Ban san wannan ba. Amma ina rahoton kwamitin?

Abu Khadija: Ba a kawo shi zaure ba.

Kwamared Bishir: Ya sake tashi ya tambaya?

Abu Khadija: Bai sake ba. Ba zan yi maka ƙarya ba. An ce masa ya yi shiru za a gyara a cikin gida, kuma za a bar masa tikitinsa. Ya yi shiru.

Kwamared Bishir: To ka gani. Ya fara, aka daka masa tsawa, ya koma. Bai tsira da kujerar ba, bai tsira da maganar ba.

Malama Hadiza: Ku tsaya, na san asibitin nan, ƙawata aka fara turawa can. An yi rufi bayan maganar tasa, an sa ƙofofi, an yi fenti. Wannan kam dole a ba shi. Sai dai ma'aikaciya ɗaya ce, babu ungozoma, babu ruwa, firjin rigakafi babu wuta. In ta tafi gida ranar Juma'a sai Litinin. Mai naƙudar dare har yanzu titi ake nema da ita. Da an kawo rahoton nan zaure, da wataƙila an yi maganar ma'aikata, ba bulo kaɗai ba. Ginin da ake ɗaukar hoto a gabansa kowa na so, albashin ungozoma kuwa babu mai yanke ƙyalle a kansa.

Kuma tunda na samu fili: majalisar da aka rantsar a 2023, cikin kujera 34 babu mace ko ɗaya. Mu ke cika layi ranar zaɓe tun safe da goyo a baya. Ban ce mace ba ta cin amana ba, amma macen da ta taɓa naƙuda ba za ta manta da zancen ungozoma ba.

Admin: Jama'a an kira magariba. A dakata, a dawo bayan salla. Kuma Auwal, na goge hoton da ka sa, ba a sa hoton gidan mutum a nan.

Sagir: Salam. Na daɗe ina karantawa ban yi magana ba. Ni daliget ne a 2022, kuma ban zaɓe shi ba. Tunda Yaya Abu ya faɗi gaskiya, ni ma bari in faɗi tawa.

Dokar zaɓe ta 2022 ta cire daliget na dindindin, wato masu riƙe da muƙamai da tsofaffin zaɓaɓɓu, sai waɗanda aka zaɓa daga mazaɓu kawai. A takarda an zaɓe mu. A zahiri a falon mutum ɗaya aka rubuta sunayenmu. Kwana biyu kafin zaɓe aka kwashe mu a bas aka kai mu wani gida a wajen gari, aka karɓe wayoyinmu aka zuba a bokiti. Akwai abinci, akwai shayi, akwai kauraye, wato 'yan daba, a bakin ƙofa. Daren ƙarshe aka riƙa kiranmu ɗaya bayan ɗaya cikin ɗaki, ga Alƙur'ani a kan tebur, ga ambulan a gefe. Ban yi alwala ba ma aka ce in ɗora hannu. Mu duka falo ɗaya ya ɗauke mu, mu muka yanke wa dubban mutane wanda za su gani a takardar ƙuri'a ranar 18 ga Maris 2023.

Kuɗin nan na biya bashin taki, na sayi buhun masara biyu, saura ya bi iska. Onarabul ya taɓa kai mahaifiyata asibiti da motarsa. Tun ranar nan in na hango shi a wurin jana'iza sai in canza sahu. Ina neman gafarar Allah, kuma Yaya Abu ka gaya masa ina neman tasa.

Baba Lawal Hedimasta: Sagir, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Ka yi abin da manya da yawa ba su iya ba. Amma ka je da ƙafarka, kada ka aika.

Maman Walida: Innalillahi. Rantsuwa da Alƙur'ani a kan ambulan.

Barista Nura: Abin da Sagir ya faɗa shi ne gindin maganar. Sashe na 106 ya ce ba ka tsayawa sai jam'iyya ta tsayar da kai, babu ɗan takara mai zaman kansa. Don haka ɗan majalisa yana da iyayen gida biyu: masu ƙuri'a da masu tikiti. Masu ƙuri'a sau ɗaya yake ganin ƙarfinsu a shekara huɗu. Akwai kiranye a sashe na 110, amma sai fiye da rabin masu rajista a mazaɓa sun sa hannu, INEC ta tantance, sannan a yi ƙuri'ar raba gardama. Ku tuna yadda yunƙurin yi wa Sanata Dino Melaye kiranye ya ruguje a 2018 a wurin tantance sa hannu. Masu tikiti kuwa kullum suna tare da shi, kuma waya ɗaya ta ishe su. In ya yi fushi ya bar jam'iyya yana kan kujera, sashe na 109 na jiransa, zai iya rasa ta sai dai in jam'iyyar ce ta dare. To mutumin da aka ɗaure haka, in jama'arsa ba su tsaya masa ba, da me zai yi tsayin daka?

Auwal Mai Waya: Barista duk na ji. Amma ni shekarata 27. Tun 2018 aka rage shekarun takarar majalisar jiha daga 30 zuwa 25, Buhari ya sa hannu. Sai yaushe za a ba mu? Kullum tsofaffin fuskoki, wanda ya faɗi ya dawo, wanda ya dawo ya kawo ɗansa. Mu aikinmu liƙa fasta da faɗa a Facebook.

Ɗan Daura: Auwal, wa ya hana ka? Amma ka shirya amsa: kuɗin fom wa zai saya maka? Wanda ya saya maka fom shi ne mai kujerar, kai riƙo kake. Ka fara daga mazaɓarku, ka nemi shugabancin jam'iyya na gunduma ko kansila, ka san yadda ake rubuta sunan daliget tun kafin a rubuta. Tsohon gwamna Aminu Bello Masari ma ai bai faɗo daga sama ya zama kakakin majalisar wakilai a 2003 ba, ya yi kwamishina a nan jihar tun farkon shekarun 1990.

Wani abu kuma, guguwar sak ta 2015 ta ɗauki mutane da yawa ta kai majalisa, wasu ko a unguwarsu ba a san su ba. Mai guguwar, Buhari, ya koma ga Allah, mun binne shi a Daura a watan Yulin 2025. A 2027 babu rigar da kowa zai raɓa. Shi ma Onarabul ɗinku ya sani, a 2015 ba ƙarfinsa kaɗai ba ne.

Abu Khadija: Ya sani, ya faɗa mini da bakinsa jiya.

Malam Isiyaku: Ni malamin makaranta ne, kuma 'yan uwana na yankin Batsari. Duk wannan magana ta asibiti da hanya, mu a can abin da muke tambayar ɗan majalisa shi ne, in an kai hari kana zuwa? Kana faɗa a zaure da sunan garin da adadin mutanen, ko kana jira a ba ka izini? Bayan sace ɗaliban Ƙanƙara a Disamban 2020 duniya ta ji, amma ƙauyuka nawa aka tasa a Jibiya da Safana da Ɗanmusa da Faskari ba wanda ya ji? Rundunar tsaron al'umma da gwamna Dikko Raɗɗa ya ƙaddamar a Oktoban 2023, sai da majalisa ta yi mata doka. To aikin ɗan majalisa bai ƙare ranar da aka ce masu goyon baya su ce e ba. Ya bi ya gani: ana biyan yaran nan a kan lokaci? Wanda aka kashe a bakin aiki, iyalinsa fa? In sun wuce gona da iri a kan talaka, wa ake kai wa kuka? Ku da Allah ya ba zaman lafiya a yankinku, ku tambayi naku ko ya taɓa tashi ya goyi bayan ƙudurin ɗan uwansa na yankinmu, ko kuwa in ba garinsa ba ne waya yake dannawa.

Abu Khadija: Malam Isiyaku, Allah ya kawo muku sauƙi. Zan sa wannan cikin tambayoyin.

Kwamared Bishir: Yaya Abu, ni har yanzu ban sauka daga matsayina ba. Na yarda ya yi abu ɗaya na jarumta, kuma ban san da shi ba sai yau. Amma ya ja da baya a lokacin da ya fi kamata ya tsaya. Mene ne tabbacin in ya koma ba zai sake yin shiru ba? Yanzu ma ai ya fi da sanin zafin faɗuwa.

Abu Khadija: Babu tabbaci, Kwamared. Ni kaina na kwana ina juya wannan. Ina son mutumin nan, ya yi mini abin da ɗan uwa bai yi mini ba, amma ranar da ya ce mini an ce ya yi shiru kuma ya amince, sai da na fita waje na yi hawaye, domin na tuna hannun mai garin nan a kan kaburbura. Abin da na sani kawai, a lokacin shi kaɗai ne. Mu da muke kusa da shi ma cewa muka yi Onarabul a bi a hankali. Ni na faɗa masa haka, da bakina, domin ina tsoron abincina. In za a tuhume shi da shiru, a haɗa da ni.

Ga shawarata. Kada mu ce e, kada mu ce a'a a cikin waya. Mu kira shi ya zauna a gabanmu, ba a gidansa ba, kuma kada ya ba kowa kuɗin mota. Duk mai neman kujerar nan ma mu yi masa haka, har mai ci yanzu in zai zo.

Barista Nura: Na goyi baya. Zan nemo kasafin jihar na shekarun da ya yi, in ciro duk layin da ya shafi ƙaramar hukumarmu in buga a takarda. Hanyar su Kwamared in tana ciki za mu gani, in ba ta ciki ma za mu gani.

Kwamared Bishir: In haka ne zan zo. Tambayata ta farko rahoton kwamitin nan, ta biyu gidan GRA.

Malama Hadiza: A sa lokacin da mata za su iya zuwa, kuma a cikin ɗakin za mu zauna, ba a waje ana leƙe ta taga ba.

Baba Lawal Hedimasta: Ku yi a zaurena, yana da faɗi, in ya cika a shimfiɗa tabarmi a tsakar gida. Ba zai ƙi zuwa gidan malaminsa ba.

Sagir: Baba, zan riga kowa zuwa. Ina son in gan shi kafin mutane su taru.

Abu Khadija: Na kira shi yanzu, na karanta masa wasu daga cikin saƙonnin, har da na Kwamared ban rage komai ba. Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce Asabar mai zuwa bayan la'asar, gidan Baba. Ya ce kwafin rahoton kwamitin yana nan a akwatinsa, zai zo da shi. Malama Hadiza, ya roƙi ki tambayi ƙawarki ko za ta yarda ta zo ta faɗi halin da asibitin yake ciki yanzu, in tana tsoron wurin aikinta ta rubuto a takarda babu suna.

Malama Hadiza: Zan kira ta da safe, yanzu garin babu sabis sai ta hau tudun makaranta.